Kiranyen Da Ban Ji Ba

Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma gidanmu gida ne da aka riƙe alkunya da hannu bibbiyu: ɗan fari ba a kama sunansa, ba a yaba masa a gaban mutane, ba a zama hira da shi. In Baba yana son in yi wani abu, sai ya dubi ƙanwata ya ce, "Ki gaya wa waccan ta rufe ƙofar zaure," alhali ga ni tsaye a gabansa da tsintsiya a hannu. Ita kuwa ƙanwar tawa ta haye cinyarsa, ta ja masa gemu, ta lalube masa aljihu. Ban taɓa jin haushinta ba, don kowa ya san haka abin yake tun kaka da kakanni. Kuma ni ma ina da nawa rabon da ita ba ta da shi. Ina da rediyo.

Rediyon na Baba ne, wani baƙi mai karyayyar eriya da aka ɗaure da zaren roba. Bayan La'asar yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa a gidanmu na Kano ya kunna labaran duniya, ni kuma aikina in kawo masa shayi. Sai in ajiye, in yi kamar ina gyara tabarma, in maƙale a gefe. Ƙanwata ba ta iya zama, labarai suna sa ta hamma. Ni a nan na fara jin kalmomin da suka zame mini abincin yau da gobe: kan iyaka, ramuwar gayya, tsagaita wuta, jakada. Labarin Larabawa da Isra'ila shi ne wanda Baba ba ya bari a yi ko tari in ana karanta shi.

Wata rana mai labarai ya ce an kai hari, an tsallaka iyaka an rama, wata ƙasa kuma ta yi wa jakadanta kiranye. Na manta da kaina, na ce, "Baba, mene ne kiranye?"

Bai dube ni ba. Rediyon ya duba, kamar shi ne ya yi tambayar.

"Kiranye iri biyu ne," in ji shi. "Akwai na mutanen da. In mutum ya shiga uwa duniya ya ƙi dawowa, sai a sami tulu, a sa baki a ciki a kira sunansa. Wai duk inda yake zuciyarsa za ta tashi, ba zai sake samun sukuni ba sai ya zo gida. Allah dai Ya yafe musu. Na gwamnati kuma shi ne ƙasa ta yi fushi da wata ƙasa, ta ce wa jakadanta ya taho gida tukuna. Fushi ne, amma ba rabuwa ba ce."

"Na tulun, sai an kira suna?"

"Sai an kira suna."

Tunda aka haife ni bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Na kwashe kofin na tafi ina jin kaina kamar wadda aka yi wa ɗinkin Salla. Sai da na je wajen wanke-wanke wani tunani ya zo mini: ashe ni in na ɓata, Baba ba shi da yadda zai yi ya dawo da ni. Ban yi kuka ba. Na dai ajiye maganar a raina, na ci gaba da wanke kofi.

Daga wannan tabarmar na ɗauki hanyar da ta kawo ni Manchester. Na karanta kimiyyar siyasa a gida, sannan na zo nan na yi digirin ƙarshe a kan abu guda: abin da ke faruwa tsakanin ƙasashe bayan an kai harin ramuwa a tsallaken iyaka. Wace ƙasa ce take kiran jakadanta gida, wace ce take yi wa jakadan abokiyar faɗa sammaci ta yi masa faɗa a ofis, wace ce take rufe ofishin jakadanci ɗungurungum, wace ce kuma take fitar da sanarwa mai zafi ta koma ta ci gaba da cinikinta. 'Yan uwa suka yi ta tsokanata, wai na kwashe shekaru a ƙasar Turawa ina karanta fushin jakadu. Ban damu ba. Na gama, na sami aikin koyarwa a ɗaya daga jami'o'in da ke Oxford Road, na yi aure, na zauna.

Tun da na fara koyarwa Baba ya raɗa mini Malama. Ba suna ba ne, amma nawa ne ni kaɗai. Duk lokacin da rikicin Larabawa da Isra'ila ya tashi sai wayata ta yi ƙara, in ɗauka in ji muryarsa ba ko sallama mai tsawo: "Malama, me ake ciki?" Sai in baje masa komai, wa ya fara, wa ya rama, wace ƙasa ce fushinta na gaske ne, wace ce take yi don idon talakawanta. Yana saurare yana "to", yana "ikon Allah". In mun kusa gamawa sai ya ce, "Su jakadun nan da ke zaune a ƙasar sanyi, suna samun tuwo kuwa?" In ce, "Suna samu, Baba, har da miyar kuka." Ya ce, "Madalla." Haka muke tambayar lafiyar juna.

Akwai wani abu mara daɗin faɗa, amma haka yake. Duk sanda na ga labarin an kai hari an rama, bayan na yi salati na yi wa mutanen addu'a, abu na gaba da nake yi shi ne in duba ko wayata tana da caji. Can ana haƙa kaburbura, ni nan ina jiran kira. Na san nauyin abin da nake koyarwa, na san ba wasa ba ne. Amma wannan ita ce kaɗai ƙofar da ke tsakanina da ubana, kuma ba ni na zaɓa ta zama ita ba.

Sai gwiwar Baba ta matsa masa, har salla ta koma a zaune. Ƙanwata likita ce a Birmingham, ita ta shirya ya zo a yi masa aiki. Ba a ma yi shawarar inda zai sauka ba. Gidansu a unguwar Small Heath yake, cikin gidajen nan da ke jere manne da juna, akwai ɗaki a ƙasa, ga masallaci a bakin layi, ga mahauci na halal a tsallaken titi. Ni kuwa a saman bene nake can ƙololuwa, babu lif, sai hawa matakala. Ko da ma a fada nake zaune, Baba ba zai kwana a gidan 'yar fari ba. Na yarda da wannan ba gardama. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne mijin ƙanwata.

Ɗan gwaggona ne, ƙanwar Baba, wato taubashina. Auren zumunci aka yi. Saboda haka kunyar da suruki yake ji a gaban uban matarsa shi ko ɗigo ba ya ji, don Baba kawunsa ne tun kafin ya zama surukinsa, kuma Kawu yake ce masa har gobe. Aikin akanta yake yi a cikin gari, duk dangi Akanta muke kiransa. An ce a wajen aiki ba ya kuskuren ko ɗigo. Wataƙila can yake ƙarar da gaskiyar tasa, don a gida ban taɓa ganin mai ƙarin gishiri irinsa ba. Muna yara ya taɓa ganin ɗan ƙaramin maciji a bayan gidan kakarmu da safe. Kafin azahar macijin ya kai tsawon taɓarya. Kafin Magariba ya zama mesa, har ta haɗiye akuya yana kallo. Ni kuma Farfesa yake kirana tun ban gama firamare ba, kuma ba ni da damar yin fushi, don wasan taubasai ne, duk wanda ya ji haushi shi aka ci.

Lokacin da Baba ya iso, rikicin yana kan ganiyarsa. Asabar ta farko na hau jirgin ƙasa daga Manchester da kaina cike da bayani, har ina tsara yadda zan fara. A karon farko za mu yi hirar nan ido da ido, ba ta waya ba, ba layi yana yankewa. Na sauka, na hau bas zuwa Small Heath, na tsaya na sayi dabino mai laushi irin wanda yake so. Tun daga bakin ƙofa na jiyo wata dariya da ban sani ba. Sai da na shiga na ga ta Baba ce.

Akanta ne durƙushe a gaban faranti a tsakiyar falo. Ya mai da farantin taswira. Kofin shayi shi ne Isra'ila, gwangwanin madara wata ƙasa, cokula su ne iyaka, ƙwayoyin sukari sojoji. Yana tura sukari yana "fiuu, bum", yana kwaikwayon muryar shugabanni, wannan da ƙaton ciki, wancan yana rawar murya. Rabin abin da yake faɗa daga bidiyon waya ya kwaso shi, sauran rabin daga kansa. Ya haɗa iyakar ƙasashe biyu da ko maƙwabtaka ba su yi. Baba kuwa ya miƙe ƙafar mai ciwo a kan matashi, ya tura hula ƙeya, yana ta ƙyaƙyatawa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana duban dabinon, ya ce, "An sha hanya." Na jira. Sai ya juya ya ce, "To Akanta, daga nan sai me?"

Ran nan na ci abinci ban ji ɗanɗanonsa ba. Na gaya wa kaina ɗoki ne na sabon zuwa, zai wuce. Bai wuce ba. Kuma tunda Baba ya sauka Ingila wayata ta daina ƙara, don me zai kira Manchester ga mai labarai a gefen gadonsa? Yana Kano muna kusa. Ya zo tafiyar jirgin ƙasa ɗaya tsakaninmu, ya yi mini nisa. Ƙanwata tana turo hotuna a zauren dangi na waya: ga Baba da Akanta suna dawowa daga masallaci, Akanta riƙe da sandar, Baba riƙe da kafaɗarsa. Kowa yana turo addu'a da yabo. Ni sai in buɗe hoton in faɗaɗa shi da yatsa, in tsaya ina kallon hannun nan a kan kafaɗa.

Abin ya fashe ne wata Asabar bayan Azahar, muna zaune ana shan shayi. Baba ya gyara zama ya ce, "Me ake ciki?" Kalmomin da yakan faɗa mini ne, harafi da harafi. Amma Akanta yake kallo.

"Kawu, ai yau abin ya ƙazanta," in ji Akanta. "An kori jakada! An ce ya tattara komatsansa. Shi ke nan, game over, hulɗa ta yanke, sai yaƙi."

Na ce, "Ba korarsa aka yi ba. Ƙasarsa ce ta yi masa kiranye. Ofishin a buɗe yake, mataimakinsa yana ciki yana aiki."

"Same thing, Farfesa."

"Ba same thing ba ne. Kora daban, sammaci daban, kiranye daban. Wanda ya kori jakadan wani ya rufe ƙofa. Wanda ya yi wa nasa kiranye turo ta kawai ya yi, ya bar ta a sake."

"Kiranye!" Akanta ya zaro ido. "Kawu ka ji fa? Ashe tsubbu ake koyarwa a uni ɗin nan. Wato shugaban ƙasa guda ya sa kai cikin tulu?" Ya ɗauki kofi, ya kafa baki a ciki, ya ja murya: "Jakadaaa! Dawo gidaaa! Tuwo ya hucee!"

Baba ya yi dariya har ya cire tabarau yana share hawaye da bakin riga. Ni a rayuwata ban taɓa sa shi dariya ba. Na sa shi ya ce "ikon Allah", na sa shi ya ce "madalla", amma dariya ko sau ɗaya. Kuma kalmar tamu ce. Shi ya ba ni ita a kan tabarma, na ɗauke ta na tsallaka teku da ita, na rubuta babi guda a kanta, yau ga ta a cikin kofin shayi ana wasa da ita.

Sai na ɗaga murya. Na san muryar, ita ce wadda nake yi wa ɗalibai in sun zo ba su yi karatu ba. Na fara daga tushe, ina jero matakai, ina nuna wa Akanta da yatsa inda ya ajiye gwangwanin madara ba daidai ba. Ban san iya tsawon da na yi ba. Baba ya mai da tabaransa, ya dubi kofin da ke hannunsa, ya yi masa magana a hankali.

"A bar shi ya ƙarasa."

Na bar shi. Na kwashe kofuna na shiga kicin, na buɗe famfo da ƙarfi. Ƙanwata ta biyo ni ta tsaya a bayana.

"Yaya, wasa ne fa. Taubashinki ne, kin san halinsa."

"Na sani."

"To mene ne? Kishi kike yi?" Da dariya ta faɗa.

Na ce, "Eh. Kishi nake yi."

Ba ta zaci zan amsa ba. Ita ba za ta gane ba. Wadda ta tashi a kan cinyar uba ba ta san yadda gefen tabarma yake da tsada ba.

Asabar ta gaba ban je ba. Na ce ina da takardun ɗalibai da zan duba, kuma da gaske ina da su, ko da yake kullum ma ina da su. Ta gaba ma ban je ba. Maigidana ya dube ni ya buɗe baki, na ce ya rufe, ya rufe. Ina zaune a Manchester ina bin labarai kamar mai farauta, duk kuskuren da na san Akanta zai yi ina hango shi tun daga nan. Har waya nakan yi wa ƙanwata in ce, "Ki gaya wa mijinki ƙasa kaza ba ta da jakada a can tun asali, balle a kore shi." Ta ce to. Na san ba ta faɗa.

Ran nan sai ga ta ta kira ni da yamma. Ta ce, "Yaya, Baba ya ce a tambayi waccan, wai wannan kiranye ne ko yanke hulɗa?"

Wani sanyi ya ratsa ni. Ashe ya ji. Ashe duk dariyar nan bambancin ya zauna masa, kuma nawa ne, ba na Akanta ba. Na daure na ce, "Ki ce masa ana kan tuntuɓa." Ta maimaita masa. Ina jiran in ji abin da zai ce, sai na jiyo muryar Akanta daga nesa ya jefa wata magana, Baba ya fashe da dariya. Na kashe wayar. Asabar ɗin nan ma ban je ba.

An sa ranar aikin a ƙarshen wata, na riga na nemi wanda zai riƙe mini aji. Sai wata safiya ina cikin bas a Oxford Road, an cika maƙil ana tafiyar hawainiya, ƙanwata ta kira. "Yaya, an samu cancellation, wani ya fasa nasa aikin, yau za a shiga da Baba. Yanzu muke hanya." Ajina na safe ya riga ya taru, ba yadda zan yi. Na ce ina fitowa zan kamo hanya.

Na fito daga aji da isasshen lokaci. Da na miƙe tasha, da na sami jirgin farko. Amma da safen nan ƙasar da ta yi kiranyen ta fitar da wata doguwar sanarwa a kan batun jakadan nata. Na ce bari in leƙa ofis in ɗan duba. Na karanta ta Larabci, na karanta ta Turanci, na ga inda suka sha bamban, na bi diddigin kalma ɗaya da aka sassauta. Abin da ke raina shi ne, in Baba ya buɗe ido ya ce me ake ciki, ya zamana ni ce mai amsar, cikakkiya, wadda Akanta bai ko ji ƙamshinta ba. Da na ɗaga kai jirgin ya tafi. Na hau na bayansa.

La'asar ta yi lokacin da na isa asibitin. Na tarar an dawo da Baba ɗaki, ya farka sarai, har an sa masa hularsa. Ƙafar tana naɗe, fuskarsa ta faɗa, amma idonsa garau. Akanta yana kan kujerar gefen gado, ƙanwata ta je ɗauko yara daga makaranta ba ta dawo ba. Na durƙusa na yi masa sannu. Ya dubi ƙarfen da aka rataye ruwan da ake ƙara masa, ya ce, "Malama an iso? To, me ake ciki?"

Ni ya tambaya. Akanta yana zaune, ni ya tambaya.

Na baje masa komai. Na gaya masa kalmar da aka sassauta da abin da take nufi, cewa ƙofar ba ta rufu ba, fushi ne ba rabuwa ba. Yana "to", yana "ikon Allah". Akanta ko wasa ɗaya bai jefa ba, ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota. Na ce a raina, yau dai gishirin ya ƙare. Na ji daɗi har cikin ƙashina. Da na gama Baba ya lumshe ido ya ce, "Madalla." Barci ya ɗauke shi.

Na fita neman ruwan zafi, Akanta ya biyo ni. Ya tsayar da ni a baranda kusa da taga. Ya ce, "Yaya." Bai taɓa ce mini Yaya ba, sai na zaci likita ya gaya masa wani abu.

"Kawu ya kira sunanki."

"Wane suna? Malama?"

"Sunanki na yanka. Ɗazu, da aka dawo da shi, allurar barcin ba ta gama sakinsa ba. Idonsa a rufe. Na riƙe hannunsa na ce Kawu ni ne. Sai ya faɗi sunanki. Sau ɗaya, a hankali. Ya koma barci."

Na tsaya ina kallon bakinsa. Na ce, "Wa ya ji?"

"Ni kaɗai ne a ɗakin."

Na tambaye shi lokacin, ya faɗa. Ba sai na yi dogon tunani ba. Da na hau jirgin farko, da ni ce a kan kujerar nan.

"Yaya ya faɗe shi?"

Ya faɗi sunana. A bakinsa sunan ba komai ba ne, sunan da ya sha kira yana tsokanata ne tun muna yara.

"Ba haka ba. Yadda shi ya faɗa."

Ya gyara murya, ya ƙanƙance ta, ya sa mata rawar tsufa, ya sake faɗa. Na ji kamar in kwaɗa masa mari. Na kuma ji kamar in riƙe rigarsa in ce ya sake. Shekara da shekaru ina jiran kalma ɗaya, ta fito sau ɗaya, ta faɗa kunnen mutumin da ya mai da gwangwanin madara ƙasa. Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Kin ga kiranyen ya ci. Ga ki kin zo." Ban yi dariya ba, shi ma bai matsa ba.

Har ma'aikaciyar jinya na je na tambaya, wata farar mace mai fara'a. Ta ce, "He was mumbling a bit, love. They all do." Wai ya ɗan yi sambatu, duk haka suke yi. Ita sunana da tari duk ɗaya ne a kunnenta. Baba kuwa ba ya tambayuwa. Ta ina zan fara? In ce, Baba, wai ka kira sunana? Da kunya ta kashe mu mu biyu a ɗakin nan. Wataƙila ma bai san ya yi ba.

Sai ya zamana shaidata ɗaya ce a duniya, kuma shi ne mai mesar da ta haɗiye akuya. Na kwashe makonni ina tabbatar wa duk wanda zai saurara cewa mutumin nan ba a kama maganarsa. In na yi gaskiya a kansa, to Baba bai kira ni ba. A jirgin komawa Manchester na juya maganar ta kowace fuska, kamar yadda nake juya sanarwar gwamnatoci, ina neman inda aka ƙara da inda aka rage. Abin da na riƙe kawai shi ne ya ce mini Yaya, kuma ya ce sau ɗaya. Akanta bai taɓa ganin abu sau ɗaya ba a rayuwarsa.

Baba ya warke ya koma Kano, yana salla a tsaye. Wayata ta dawo da ƙararta. "Malama, me ake ciki?" Jakadun ƙasar sanyi suna nan suna samun tuwo. Na san yana kiran Akanta ma, don ƙanwata takan faɗa, ni kuma nakan tambaye ta wa ya fara kira a cikinmu. Takan ce ba ta lura ba. Ƙarya take yi, kuma na san dalilin.

Labarin kuwa ya bi hanyar macijin. Duk Salla a Small Heath muke haɗuwa, kuma in an ci an ƙoshi sai Akanta ya ɗauko shi. Sau ɗaya ya zama sau uku. Shekarar da ta biyo baya Baba ya ɗaga hannu sama yana lalube. Daga nan hawaye suka shigo, har suna jiƙa matashi. A Sallar da ta wuce cewa ya yi Kawu ya jawo kofin ruwan da ke gefen gado ya sa baki a ciki, muryar ta cika ɗakin har ma'aikatan jinya suka rugo. Ina zaune ina kallon kunnuwan nan nasa, manya, a baje, waɗanda ba su san abin da aka zuba musu ba, ina jin kishin nan sabo fil kamar ranar farko.

Ƙanwata ce ta gaji. Ta ce, "Haba, kai kuwa! Wane kofi kuma? Yaya, ke ba za ki gyara masa ba?"

Kowa ya juyo yana kallona. Na dubi kofin da ke hannuna.

Na ce, "A bar shi ya ƙarasa."